Kazar ruwan da ba ta tsallake katanga, amma tana tsallake Sahara

Da safiyar wata Asabar cikin watan Disamba, hazo ya ɗan leƙo Legas, ina zaune a teburin mai shayi sai ga yaro da saƙon Baba, maigadin wani gini da ake ɗorawa a bayan Sangotedo. Wai in zo maza. Na tarar da shi a bakin ƙofa rungume da kwalin taliya, ya huhhuda murfin da ƙusa.

"Malam, kai ne mai yawo da madubin hangen nesa kana leƙen tsuntsaye," in ji shi. "To zo ka gaya mini abin da ya kawo wannan garin nan."

Ya ɗaga murfin kaɗan. Wata tsuntsuwa ce ta takure a lungun kwalin, girmanta bai kai na tantabara ba. Bayanta kore ne mai duhu, wuya da ƙirji shuɗi mai sirkin shunayya, irin launin rinin Ƙofar Mata idan ya sha bugu ya yi sheƙi. Bakinta ja ne, gajere mai kauri, a samansa kuma akwai wani ɗan allon fata da ya hau goshi, babu gashi a kansa. Amma ƙafafun ne suka fi ɗaukar ido: jajaye wur, yatsu dogaye sirara, kamar an ara mata na wani tsuntsu da ya ninka ta girma. Da na ɗauke ta, nauyinta bai fi na sabulun wanka ba, zuciyarta na bugawa a tafin hannuna. Baba ya ce da asuba ya tsince ta ƙarƙashin babbar fitilar da ke haska filin ginin, dab da janareta. Ba rauni, ba jini. Gajiya ce kawai.

"Kazar ruwa ce, na san ta tun ina yaro," ya ce. Shi mutumin Guri ne, cikin fadamar Haɗeja. "Da damina cikin bado muke ganinsu. Amma wannan abar ko katangar gidan nan ba za ta tsallake ba. In ka tashe ta, fir-fir-fir, ƙafafu na reto, taku ashirin ta faɗa ciyawa. Ta yaya ta zo Ikko? Ko motar shanu ta biyo?"

Mai shayi da ya biyo ni ya yi dariya, amma tambayar Baba ba ta dariya ba ce. Ita ce tambayar da ta daɗe tana ɗaure wa masana tsuntsaye kai game da wannan dangi gaba ɗaya.

Sai dai kafin a je can, a gyara sunan. Mu Hausawa mun tattara tsuntsaye da dama mun sa musu suna ɗaya, kazar ruwa, kuma ba mu yi kuskure sosai ba, don yawancinsu 'yan gida ɗaya ne, dangin da masana ke kira Rallidae, mai jinsi wajen 150 a duniya. A fadamun Legas kaɗai za ka iya haɗuwa da da yawa. Akwai baƙar nan ƙirin mai baki ruwan ɗorawa da jan ido, wadda ba ta da kunya, har bakin kwata takan fito kiwo. Akwai mai jan goshi da farin layi a haƙarƙari, mai son iyo a fili. Akwai babbar yayarsu mai girman kaza sosai, shuɗiya, baki da goshi duk ja. Ta cikin kwalin Baba ƙanwar wannan babbar ce, sunanta a littattafan masana Porphyrio alleni, tsawonta daga baki zuwa jela santimita 22 zuwa 24. Abin da ke bambanta ta shi ne allon goshin: lokacin aure shuɗi ne mai haske kamar sararin sama, in lokacin ya wuce sai ya dushe. 'Ya'yanta matasa kuwa ruwan ƙasa ne, ba za ka ce su ne za su zama shuɗaye ba. Wanda ake yawan rikita ta da shi, taka-a-bado, shi ma yana da shuɗin goshi da dogayen yatsu, amma ba danginsu ɗaya ba. Sana'a ce ta haɗa su, kamar yadda za ka ga mahauci da mahauci da wuƙa iri ɗaya alhali ba su haɗa kaka ba.

Sunan nan alleni yana da labari, kuma labarin namu ne. A shekarar 1841 Ingila ta turo jiragen ruwa uku masu tururi su hau kogin Neja, wanda muke kira Kwara, da niyyar ƙulla yarjejeniyar hana cinikin bayi da sarakunan bakin kogi da kafa gona a wajen Lakwaja. Kyaftin ɗin ɗaya daga cikin jiragen shi ne William Allen. Tafiyar ba ta yi albarka ba, zazzaɓi ya kashe Turawa sama da arba'in, suka juyo ba shiri. Amma a Ida, garin Attah na Igala, sun samu wannan tsuntsuwa, kuma likitan jirgi mai suna Thomson ya bayyana ta a rubuce a 1842, ya laƙaba mata sunan kyaftin ɗinsa. Wato duk inda aka ambaci wannan jinsi a duniya, daga bakin Kwara aka fara rubuta shi. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne fasinjojin tafiyar. A ciki akwai Samuel Ajayi Crowther, wanda daga baya ya zama bishop, ya rasu a nan Legas a 1891, da kuma wani ɗan mishan Bajamushe, Schön, wanda ya koyi Hausa a bakin 'yantattun bayi a Saliyo, ya fitar da littafin kalmomin Hausa a 1843. Tafiya ɗaya ta kai sunan tsuntsuwar da kalmomin harshenmu teburin Turawa. Kakannin Baba dai ba su jira kowa ya zo ya ba ta suna ba.

Yanzu ga jikinta, don a nan amsar ta fara. Idan ka riƙe kazar ruwa ka dube ta ta gaba, za ka ga a matse take ta gefe da gefe, kamar an danne ta tsakanin allo biyu. Wannan ne ke ba ta damar ratsa ciyawa mai kauri ba tare da kara ɗaya ya motsa ba, shi ya sa mutum zai shekara kusa da fadama bai san tana ciki ba. Dogayen yatsun kuwa suna raba nauyinta a kan fili mai faɗi, ganyen bado ya ɗauke ta bai nutse ba. Ba ta da fatar tsakanin yatsu irin ta agwagwa, duk da haka tana iyo, tana gyaɗa kai gaba da baya. Tana hawa kara kamar ɓera. Tana iya riƙe abinci da ƙafa ɗaya ta kai baki, abin da kazar gida ba ta yi. Cimarta furanni da 'ya'yan bado, da irin ciyayin ruwa, da ƙwari, da tsutsotsi, da ƙananan dodon koɗi. Takan ɗaga gefen ganye da baki ta leƙa abin da ya maƙale a ƙarƙashi. In tana tafiya jelarta na ɗagawa tana sauka, farin da ke ƙarƙashinta na walƙiya. Sheƙarta da ciyawa take saƙa ta, dab da saman ruwa, ƙwai 'yan kaɗan, uwa da uba suna karɓa-karɓar kwanci. 'Yan tsakin baƙaƙe ne ƙirin, kwana kaɗan su bar sheƙa su bi iyaye.

Duk wannan gini na mai tafiya a ƙasa ne da mai ɓuya. Fiffiken gajere ne mai zagaye. In haɗari ya taso, dabararta ta farko gudu ne cikin ciyawa, ta biyu nutsewa, tashi sama shi ne na ƙarshe, kuma ko ta tashi ba ta da dalilin yin nisa tunda maɓoya na nan kusa. Abin da Baba ya gani ke nan, kuma gaskiya ya gani. Kuskuren kawai shi ne ɗaukar wannan tashin na rana a matsayin iyakar ƙarfinta. Wanda ka gani yana ɗingishi daga ɗaki zuwa zaure ba lallai gurgu ba ne, wataƙila bai ga abin gudu ba ne.

Tashinta na gaskiya da dare ne, lokacin da ba mai gani. Tana hawa sama sosai, ta miƙe ƙafafu baya, ta kama hanya ita kaɗai ko su 'yan kaɗan, ba tare da jerin gwano irin na shamuwa da kowa ke gani ya ce damina ta zo ba. Dare ya fi mata ta kowace fuska: iska a kwance take, sanyi na hana jiki zafi da ƙishirwa, shaho da danginsa suna barci. Kafin gari ya waye ta sauka a wani ruwan, ta shige ciyawa, wanda ya gan ta da hantsi ya ɗauka a nan aka haife ta.

Me ya sa dole ta yi tafiyar? Saboda ruwan da take so ba ya zama wuri ɗaya. Ba ta son babban kogi mai gudu, ba ta son tafki mai zurfi da fili fetal. Abin da take nema ruwa ne mai daɗi, marar zurfi, wanda bado da ciyawa suka rufe, irin wanda ambaliya ke shimfiɗawa a fadama. Irin wannan ruwa kuwa a Afirka ta Yamma bin damina yake. Daga Yuli zuwa Satumba fadamun arewa, irin su Haɗeja da Nguru da bakin tafkin Cadi, suna cika su yi kore shar, abinci ya yalwata, kifayen da ke cin 'yan tsaki ba su riga sun yi yawa a sabon ruwan ba. Lokacin ne kajin ruwa ke hawa arewa su yi sheƙa. Da kaka ta wuce, hunturu ya busa, ruwan ya fara janyewa, sai tabo, sai ƙasa ta tsattsage. Wanda rayuwarsa ke kan ganyen bado ba shi da zaɓi, sai ya nemi inda ruwa bai ƙafe ba, galibi kudu. Daga Nguru zuwa Legas a miƙe ya haura kilomita 1,000.

Da na kai nan mai shayi ya ce, "Ashe 'yar cirani ce." Ba zan ƙi ba, sai dai in ƙara cewa ba duka ke tafiya ba. Akwai waɗanda ke zaune a fadamun kudu shekara da shekaru, inda ruwa ba ya yankewa, kamar yadda a Agege da Idi-Araba akwai Hausawan da kakanninsu ma a nan aka haife su. Ta kwalin Baba tana iya zama ko wacce daga ciki. Abin da ya sa na fi karkata ga baƙuwa ce shi ne lokacin da wurin: Disamba, da asuba, ƙarƙashin fitila mai ƙarfi. Tsuntsayen da ke tafiyar dare haske na ruɗa su, musamman in akwai hazo, su yi ta kewaya shi har ƙarfinsu ya ƙare. Rufin kwano da kwalta mai sheƙi ma daga sama kamar ruwa suke.

Wani lokacin ruɗewar takan wuce ta fitila. A ranar farko ta shekarar 1902 wata kazar ruwa irin wannan ta sauka a kan jirgin masunta a tekun gabashin Ingila, kusa da Yarmouth. Masanan lokacin suka ce ai daga kejin wani ta tsere, don hankalinsu irin na Baba ne: wannan abar ba za ta iya ba. Sai a shekarun 1970, bayan an tattara irin waɗannan labarai daga ƙasashen Turai daban-daban aka ga kusan duk a tsakiyar hunturu suke faruwa kuma yawanci matasa ne, aka yarda da ƙafarta, ko in ce da fiffikenta, ta zo. Shekara ɗari cif bayan ta farko, a Fabrairun 2002, aka tsinci wata a Portland da ke kudancin Ingila, a galabaice, ba ta daɗe ba ta mutu. A Sifaniya da tsibiran Kanari an sha ganinsu. An gan su a tsibirin Ascension da na Saint Helena, can tsakiyar tekun Atilantika, inda ƙasa mafi kusa ta fi kilomita dubu. Lokacin da suke bayyana a waɗannan wurare ya yi daidai da lokacin da fadamun Sahel ke bushewa. Matashiyar da ba ta taɓa tafiya ba ta tashi neman ruwa, iska ta kwashe ta, ƙarƙashinta rairayi ne ko teku, ba wurin sauka, sai ta ci gaba da kaɗa fiffike har inda ƙarfi ya ƙare. Waɗanda aka tsinta su ne 'yan kaɗan da suka faɗo inda akwai mutane.

Wannan ɓatan kai shi ne ya baza dangin a duniya, kuma a nan ne labarin ya juya ya ciji jelarsa. Da wuya ka sami tsibiri mai nisa a cikin teku da wani ɗan dangin kazar ruwa bai taɓa isa ba. In suka sauka inda babu muzuru, babu ɓera, babu maciji, kuma ruwa ba ya ƙafewa, tashi ya zama asara. Naman ƙirjin da ke kaɗa fiffike yana cin abinci da yawa. Wanda ya rage shi ya fi saurin ƙiba da haihuwa. A hankali zuriyar ta daina tashi kwata-kwata. A tsibirin Aldabra na ƙasar Seshel abin ya faru har sau biyu: wani jinsi ya taso daga Madagaska ya zauna ya daina tashi, teku ta haɗiye tsibirin kimanin shekara 136,000 da suka wuce ta shafe su, da ƙasa ta sake fitowa jinsin nan dai ya sake zuwa, ya sake ajiye fiffike. A Niyuzilan akwai takahe, 'yar ɗaki ɗaya da ta kwalin Baba, ita ma Porphyrio ce, nauyinta ya kai kilo uku, ba ta tashi ko taku ɗaya. An ɗauka ta ƙare sai a 1948 aka sake gano ta cikin duwatsu. Wasu ba su yi wannan sa'ar ba. Na tsibirin Wake sojojin Japan da yunwa ta kama a yaƙin duniya na biyu ne suka cinye su tas, zuwa 1945 babu ko ɗaya. Tamu ta Afirka ba ta sami wannan hutun ba, rani bai bar ta ta manta da tashi ba.

To a Legas ina take sauka? Mutum zai ce garin da ruwa ya kewaye, wanda sunansa ma da harshen Fotugal tafkuna yake nufi, ai ba za a rasa masauki ba. A nan ne lissafin ke ruɗi. Babban ruwan da kake gani daga kan gadar Third Mainland a haɗe yake da teku, da damina ya yi daɗi saboda ruwan kogin Ogun da sauran rafuka, da rani gishiri ya shigo ya mamaye shi. Bado ba ya rayuwa a gishiri. Wato daidai lokacin da baƙuwar ke isowa, babban ruwan ba shi da amfani gare ta. Nata wurin shi ne fadamun ruwan daɗi da ke bayan gari: wajen Epe da tafkin Lekki, gefen Ologe a hanyar Badagry, kwarin Ogun daga Isheri zuwa Ikorodu, da ƙananan kududdufai masu ciyawa da ke warwatse tsakanin Ajah da Ibeju. Su kuwa waɗannan su ne mafi sauƙin cikewa. Ba zurfi, ba igiyar ruwa, tifa ɗari na yashi sun mayar da kududdufi fuloti.

Duk wanda ya yi shekara goma a wannan yanki ya ga yadda ake yi. A kafa turaku, a zo da injin zuƙo yashi daga ƙasan ruwa ko a yi ta jigila da tifa, a bar shi ya kwanta damina ɗaya, a zagaye da katanga. Tun da aka fasa titin Lekki zuwa Epe a shekarun 1980 abin ke tafiya gabas, unguwa bayan unguwa. Matatar man Dangote da ke Ibeju-Lekki ma sai da aka ɗaga ƙasarta da yashi kafin a kafa ƙarfe. Ba na cikin masu cewa kada a yi gini. Mutum sama da miliyan goma sha biyar dole su kwana wani wuri, kuma da yawa daga cikin masu tuƙa tifar da masu gadin filayen 'yan uwanmu ne, da wannan aikin suke aika kuɗin taki gida. Abin da nake ƙi shi ne yadda ake kallon fadama a matsayin filin da bai gama zama fili ba. Fadama tana da aikinta: ita ke shanye ruwan sama ta sake shi a hankali. In aka cike ta ruwan ba ya fasa zuwa, gidan wani yake shiga. Mutanen kasuwar shanu ta Kara da na bayan kasuwar Mil 12 sun san wannan duk shekarar da aka buɗe madatsar Oyan, wadda ruwanta ke gangarowa kogin Ogun, a watan Satumba ko Oktoba. Wurin da ruwan nan ya saba kwanciya shi ne wurin da kazar ruwa ta saba sauka, bukata ɗaya ce.

Akwai kuma wata baƙuwar ciyawa da ta dagula lissafin, mai shuɗin fure da kumburarren kara, wadda asalinta Kudancin Amurka ne, ta shigo Najeriya ta rafin Badagry a 1984. Wasu namu na kiranta kainuwa, amma ba ita ce kainuwar da muka sani ba. Ita ce ke toshe tashar jiragen Ikorodu a ƙarshen damina. Kajin ruwa suna taka ta, suna samun ƙwari a cikinta, baƙar nan mai jan ido ma kamar don ita aka kawo ta. Amma in ta rufe ruwa ruf sai ta hana bado haske ya mutu, iskar da kifi ke shaƙa ta ragu, kuma da gishiri ya shigo da rani ita ma ta ruɓe. Masauki ne na wucin gadi, ba ya maye gurbin fadama.

Wurin da aka keɓe da gangan a wannan yanki shi ne gandun Lekki Conservation Centre, hekta 78, wanda gidauniyar kare muhalli ta Najeriya, NCF, ta kafa a 1990. Lokacin da aka kafa shi daji ne cikin daji. Yau gidaje sun kewaye shi ta ko'ina. Yawancin masu zuwa gadar sama mai tsawon mita 401 ke kawo su, su ɗauki hoto da birai su tafi. In ka je, ka tsaya shiru a kan katakon da ya ratsa fadamar da sassafe, ka sa ido a gindin ciyawa maimakon saman bishiya.

Baba ya saurari duk wannan yana gyaɗa kai, sannan ya ce, "Malam, can gidan ma ai ba kamar da ba ne." Gaskiyarsa. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke shimfiɗa fadamar Haɗeja da Nguru ta canza hali. Wurare da dama ruwa ya daina kaiwa, wasu kuma ya daina janyewa, kacalla ta samu gindin zama ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonakin shinkafa da wuraren kamun kifi. Tafkin Nguru shi ne wuri na farko da Najeriya ta sa a jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar, a shekarar 2000, amma takarda ba ta sare kacalla. Abin da ya tashi Baba daga kamun kifi ya kawo shi gadin gini a Ikko bai rasa nasaba da wannan ba.

Duk da haka, in ka duba jerin ƙungiyar IUCN mai lura da halittun da ke cikin haɗari, wannan jinsi yana rukunin waɗanda ba a damu da su ba. Dalili kuwa tana da faɗin ƙasa, daga Senegal har Afirka ta Kudu da Madagaska. Ban ce hukuncin ƙarya ne ba, amma a san yadda ake karanta shi. Yana magana ne kan ko jinsin zai ƙare a duniya, ba ya magana kan ko zai ɓace daga Sangotedo. Kuma tsuntsun da ke tafiya da dare, ya wuni cikin ciyawa, ƙirga shi aiki ne ja. Gauraka in ta ragu kowa zai lura, don tana tsaye a fili da tukkunta. Wannan kuwa sai dai wata rana wani dattijo ya ce rabonsa da jin kukanta tun kafin a gina wancan rukunin gidajen. Akwai ma wani rauni da dangin ke da shi: da yawansu sukan zubar da gashin fiffike gaba ɗaya a lokaci guda, su yi makonni ba sa iya tashi. In tifa ta iso kududdufi a wannan tsakanin, mai tsallake Sahara ba ta da hanyar tsallake titi.

Mai shayi ya kawo shawarar a ba ta gero da ruwa, ko kuma, in ba za ta yi rai ba, kada a bari ta yi mushe. Baba ya harare shi. Ya ce suna yara sun gasa irinta ba adadi, da tarkon gashin jelar doki suke kama su, naman bai taka kara ya karya ba, kuma wadda ta zo har ƙofarsa baƙuwarsa ce. Na ce kada a ɗura mata komai a baki, ruwa kan bi ta hanyar numfashi ya kashe tsuntsu. A mayar da murfin, a ajiye kwalin a inuwa inda ba hayaniya, a sa ɗan ruwa a murfin gwangwani, a bar ta ta huta. In da rauni ne sai a nemi ma'aikatan gandun Lekki. Tunda gajiya ce, magani duhu da shiru, sannan a sake ta da yamma a bakin ruwan daɗi mai ciyawa, ba a bakin teku ko babban ruwa ba.

Bayan la'asar sakaliya muka ɗau kwalin, ni da Baba, muka bi wata 'yar hanya ta bayan ginin, muka tsallake kwata a kan katako, muka wuce wani fili da aka riga aka cike, yashinsa fari fat har yana kashe ido. A ƙarshensa akwai sauran fadama, ba ta fi filin ƙwallo biyu ba, da bado a tsakiya da wasu turakun siminti masu jan fenti a gefe guda. Baba ya tsuguna, ya yi bisimilla, ya kwantar da kwalin a gefensa ya buɗe.

Ta ɗau lokaci ba ta fito ba. Da ta fito kuma ba ta tashi ba. Ta miƙa wuya, ta ɗaga ƙafa ɗaya a hankali, yatsun suka haɗe kamar an rufe lema, ta sauke su suka baje a kan tabo. Taku uku, jela na ɗagawa, farin na walƙiya, ta hau ganyen bado na farko, ya ɗan lotsa bai nutse ba. Ta shiga tsakanin kara biyu da ni ban ga rata a tsakaninsu ba. Muka tsaya muna kallon wurin, ko ciyawa ɗaya ba ta motsa ba.

"Ka gani ko, Malam," in ji Baba. "Ko yanzu ba ta tashi ba."

Ya kakkaɓe kwalin, ya naɗe shi ya saka a hammata, ya ce yana shimfiɗa shi a kan benci da dare saboda sanyi. Muka juyo da sauri don magariba ta kawo jiki, kuma shi ne zai kunna fitilar.